Zuwa ga Sarkin Ƙarfin Furfuri

Bawana, ɗan gwaggo, gaisuwa irin ta ubangida. Labari ya iske ni cewa ka tara yara a bakin tasha kana ba su tarihin finafinan Indiya, har da rantsuwa wai a zamaninku kai ake kira Sarkin Ƙarfi, laƙabin da 'yan kallo suka ba Dharmendra. Ka manta shaidarka yana raye, bari in gyara maka lissafi.

Ina nan ranar da ka fara ganin Sholay. Fim ɗin ya fito tun 1975, amma sai da ya tsufa ya iso mana a kaset, a wani zauren kallo a Gusau, janareta na ta tari a bayan gida. Keken kawunka muka sata daga Furfuri, ni ke tuƙi, kai kana kan kariya kana salati a kowace gangara. Da Gabbar Singh ya ɗaga takubba ya sare hannuwan Thakur, sai ka zura naka cikin taguwa, ba ka sake fito da su ba har aka tashi. Gyaɗar da ka saya ni na cinye, tunda ba ka da hannun ci.

Duk jarumtar da ke fim ɗin, abu ɗaya ka kwaso. Ka ga Veeru ya haye tankin ruwa yana barazanar faɗowa in ba a ba shi Basanti ba, gari ya taru ana lallashi. Kai ma da aka hana ka 'yar mai fura, ka ɗare ɗorawar bayan gari kana ihu. Wa ya ɗaga kai? Tsofaffi suka wuce masallaci, yarinyar ta sayar da furarta ta tafi gida. Rina ce kaɗai ta amsa kiranka. Da magariba aka kawo tsani, ka sauko da leɓe kamar na raƙumi, kana cewa, "Ni dai iska niy hau sha."

Sai zamanin Deewaar, da ka ga lambar 786 ta tare wa Amitabh Bachchan harsashi. Ka sami murfin gwangwanin madara, ka rubuta lambar da ƙusa, ka sa a aljihun gaba, ka je tsokanar karen mahauta. Karen bai iya karatu ba. Wandon da ya yaga maka har yau gwaggo na tankaɗe a kan ƙyallensa.

Haqeeqat kuwa, na 1964, labarin yaƙin Indiya da Sin na 1962 a duwatsun Ladakh, wanda kake cewa shi ya sa ka so shiga soja, minsharinka ya fi ƙarar bindigogin ciki. Dharmendra na mutuwa a cikin sanyi, kai kana neman a rage maka fanka.

Gaskiya ɗaya zan ba ka. A Sholay, wurin da yaran Gabbar ke shiga ƙauyen Ramgarh karɓar hatsi, da can tafi muke yi muna jiran jarumi. Yanzu da 'yan bindiga ke yanka wa ƙauyukan Tsafe da Bungudu haraji kafin a yi girbi, in na zo wurin sai in tura gaba. Na san kai ma haka, don rannan na ga ka yi shiru da aka zo wurin.

Amma wannan bai wanke ka ba. Watan cika-ciki na tafe, na san za ka zo da tsintsiyarka neman kuɗin shara. Bana cilla kwabo za mu yi, wanda ya ci ya ɗauka. Na sa maƙeri ya ƙera mini irin na Jai, abokin Veeru a Sholay, kuma ni zan fara zaɓa.