Ba Mai Son Zama Amarya

Malaman tarihi sun samo dabara: a raba wa ɗalibai matsayin mutanen da, kowa ya taka rawarsa a gaban aji. Da aka zo kan Sarki Henri na Takwas na Ingila, samari duk suka ɗaga hannu. Kambin kwali ɗaya ne tak.

Matan sarki shida kuwa, sai da aka haɗa da lallashi. Ko'ina ana rububin amarci, ban da gidan nan. Ta biyu, Ana Bolin, an fille mata kai a 1536. Ta biyar ma haka, a 1542. 'Yan mata suka yi ca a kan ta shida, Katarin Far, wadda Allah ya ja kwananta har ta yi masa takaba a 1547.

Hauni bai jira a tambaya ba. Tuni ya zaro rula daga jaka.