Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Amarya Tabulet

Zuwa ga Amarya Tabulet,
Akwatin gilashi na bakin ƙofa,
Kantin littattafan makaranta.

Ina fata kina lafiya, kuma cajinki bai sauka ba. Ya baƙunta? Na ji an ce ba kya son zafi, ba kya son ruwa, ba kya son ƙura. To, sai haƙuri, domin shekararmu a nan kashi uku ce, bazara da damina da hunturu, kuma su ke nan kika lissafa.

Daga Dutsi nake rubuto miki. Ki lura da kyau, Dutsi ta jihar Katsina, wadda ake ratsewa daga Shargalle a kan hanyar Katsina zuwa Daura. Ba Dutsen Jigawa ba, ba kuma Dutsin-Ma ba. Na ja kunnenki ne don an ce akwai taswirar duniya a cikinki, kuma na san halin masu taswira, sai su sauke mutum a wata jiha su ce masa ya iso.

Ni tsohon malamin firamare ne, na ajiye alli. Ɗiyata na raka rajista a wata babbar makaranta a nan jihar, wadda ba zan kama sunanta ba tunda yarinyar ba ta karɓi sakamako ba tukuna. Muka shiga kantin littattafai, sai na tarar an yi biki ba a gayyace mu ba. An share wurin da ya fi ko'ina kyau, an kafa gilashi, an sa fitila, an garƙame da kwaɗo, ga ki a ciki ke da ƙannenki kuna ƙyalli. Littattafan da na sani a wannan wuri kuwa an kwashe su an kai can ƙurya, kusa da tsintsiya da buhunan fiya wata. An ce amarya ba ta laifi, ni ma ban ce kin yi ba. Amma tunda babu wanda ya zaunar da ke ya nuna miki mutanen gidan, bari ni in yi, don rashin sanin asali shi ke kawo raini.

Waccan tsohuwar ta can ƙasa, wadda takardunta suka fara ja, Ruwan Bagaja ce. Malam Abubakar Imam ya rubuta ta yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya shigar da ita gasar da Rupert East ya shirya a 1933, gasar da ta fito da su Ganɗoki da Shaihu Umar. Yi lissafi da kanki, tunda an ce kin iya: ta haura shekara 90, kuma ba a taɓa jona ta da wuta ba. Kusa da ita Magana Jari Ce ce, kundi 3, wadda da ita muka koya wa yaran ƙauyukan nan karatu har bakinsu ya saki. In kin wuce ta gabansu ki rusuna.

Waɗancan sirara kuma, masu hoton mace da gyale a bango, su ne masu farin jini. A cikin shekarun 1980 suka fara ɓarkowa daga Kano, 'yan boko suka raɗa musu Adabin Kasuwar Kano suna yatsina fuska. Duk da yatsinar, su ne suka sa matan aure da yawa suka riƙe karatun boko a tsakar ɗaki bayan an cire su daga makaranta. Su Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, da Bilkisu Funtuwa ta nan jiharmu, duk ta wannan ƙofa suka shiga gidajen mutane. Shawarata gare ki, kada ki ja da su. Da yawansu labarin kishiya suke bayarwa, saboda haka duk wani makirci da kike ganin kin taho da shi daga ƙasar Sin, sun riga sun rubuta shi, har kashi na ɗaya da na biyu da na uku.

Sai dai kada ki ɗauka su ke riƙe da gidan. Na tsaya na lura. Ke ana leƙen ki a wuce, su ana shafa su a mayar, kuɗi kuwa can lungu ake kai su, wajen injin fotokwafi, inda layi ya kai har waje. Handawut na malami, da tambayoyin jarrabawar bara, da babi guda da aka yago daga littafin da kowa ya kasa saye, su ne cinikin kantin. Wannan injin mai tari da gumi shi ke ciyar da ku duka, kuma shi ba a sa masa ko labule ba.

Mu dawo kan sadaki. Na sunkuya na karanta 'yar takardar da aka manna a gabanki, na cire tabarau na goge na sake karantawa, sifirin bai ragu ba. A Yulin 2024 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ke kuwa kin tsallake shi ko waiwaye babu. Ɗalibin da ya dace da bashin karatu na NELFUND naira 20,000 ake ba shi a wata don ya ci abinci. In ya ce ke zai tara wa, sai ya yi azumin da babu malamin da ya taɓa karantar da shi. Na san za ki ce ba laifinki ba ne, laifin dala ne, kuma akwai gaskiya a nan. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024. Amma ki sani wannan ruwa bai tsallake uwayen gidanki ba, domin takardar da ake buga su da ita ma daga waje ake shigo da mafi yawanta. Bambancin kawai shi ne su tsadarsu ta sa an rage buga su, ke taki ta sa an saya miki kwaɗo.

A ce ma mutum ya sayar da tunkiya da buhun gyaɗa ya biya. To ina kayan ɗaki? A al'adarmu dangin amarya ke kawo gado da katifa da jere. Ke kuwa daga ke sai igiyar caji, sauran duk a wuyan ango. Kina son wuta kullum. A Oktoban 2024, da manyan layukan wuta suka lalace, Arewa ta kwashe sama da mako guda a cikin duhu, masu cajin waya da janareta suka zama manyan gari. Kina son data, ita kuma a farkon 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100. Kina son sabis, alhali a nan jihar, a watan Satumba na 2021, sai da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindiga, aka yi watanni mutane na tafiya wani gari don su ce wa ɗan'uwa suna lafiya. A duk waɗannan kwanaki ba mu ji an ce shafi ko ɗaya na Magana Jari Ce ya ƙi buɗewa ba.

Na ɗan yi bincike a kan danginku, kamar yadda ake yi kafin a ba da aure, ko da yake nan an riga an ɗaura. Kakarku iPad a 2010 aka fito da ita a Amurka, yau kuma jikokinta sun cika kasuwa, daga masu tsadar sarauta har na talaka irin su Tecno da itel. Yayarki BVAS ta zo mana zaɓen 2023. Ta iya duba fuska, ta iya duba yatsa, amma da aka zo ɗora sakamakon shugaban ƙasa sai aka ce ta sami tangarɗa, har yau ana musu a majalisar masu shayi. Wadda ta burge ni a gidanku ita ce gwaggonki ta jihar Osun, Opon Imo, da gwamnatin Rauf Aregbesola ta raba wa ɗaliban sakandare a 2013. Ita da kayanta ta tare: littattafan karatu da tsofaffin tambayoyin jarrabawa duk suna cikinta, ba sai an sayi data ba. Ke da na sa yaron kanti ya kunna ki, abin da na fara gani wasan tseren mota ne.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro, sauran duk share fage ne. Ana ta cewa kin zo ki kashe karatun littafi. Ni ban yarda ba. Yaran yanzu suna karatu, har ya fi namu yawa. Ki shiga ɗakin kwanan 'yan mata na kowace makaranta bayan isha'i, za ki ga fuskoki na haske a cikin duhu, kowa na bin labarinta a waya. Labaran ba su mutu ba, ƙaura suka yi. Abin da ya mutu shi ne kuɗin marubuci. Baiwar Allah za ta raba dare tana rubutu da babban yatsa, bayan ta gama tuwo ta kwantar da yara, ta sa wa labarin 'yan ɗaruruwan nairori a WhatsApp. Mutum ɗaya ya biya, kafin asuba ya tura wa unguwa guda. Wani kuma ya ɗauki littafin da malami ya shekara goma yana haɗawa, ya bi shi shafi shafi da kyamara, ya mayar da shi PDF, ya raba sadaka da dukiyar da ba tasa ba. Duk a cikin cikinku ake wannan, ke da ƙanwarki waya. Girkin uwargida kike ɗauka ki kai wa maigida a kwanonki, a yi ta sa miki albarka. Har dandalin OkadaBooks, da ya yi ƙoƙarin sayar da littattafan ta hanyar da marubuci zai ga kwabo, ya rufe a 2023.

Za ki ce ai da ma ana aron littafi. Gaskiya ne, kuma ni kaina na ci moriyar aro. Littafi ɗaya yakan zaga gida goma a Dutsi, ya dawo ba bango, da tabon miya a shafi na tsakiya. Amma aro yana da iyaka: in yana hannun wata, ba ya hannun wata, wadda ta ƙosa kuma sai ta aika Katsina ko Kano a sayo mata nata. Masu hayar littafi ma sai sun sayi kwafi kafin su ba da haya. Naki rabon ba ya ƙarewa, ba ya yagewa, kuma babu mai ƙosawa. Abin dariyar kuma, ke kanki ba a ba da aronki. Wa zai miƙa wa maƙwabci abin da ke ɗauke da hotunansa da saƙonninsa da lambar asusunsa?

Kada ki ce tsoho ya tsane ki. Ina da dalilin son ki da ya fi na masu leƙen gilashi. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Na ga yara masu kai, daga Kayawa da Karawa da Yamel, waɗanda suka san amsa sarai, amma ranar jarrabawa ce ranar da suka fara zama gaban kwamfuta, hannu na rawa, lokaci na tafiya. Yaron da ya saba da irinki tun a aji ba zai yi wannan asara ba. Ga shi kuma manyan makarantu sun matso kusa da mu: Daura kaɗai tana da Kwalejin Yusufu Bala Usman, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Sufuri. Wanda zai karanta aikin jirgin ƙasa ba zai ƙoshi da handawut mai shafi 12 ba, kuma littattafan fanninsa, in ma an same su, ba a buga su don aljihun ɗan manomi ba. A nan kam ɗakin karatu guda da za a zuba a cikinki ya fi mana gilashin da aka sa ki.

Saboda haka ga saƙo ki isar wa mai kanti, tunda ke yake saurara yanzu. Ya fito da ke daga kulle, ya ɗaure ɗaya da sarƙa a kan tebur in yana tsoron masu dogon hannu, yara su taɓa su saba. Ya nemi masu buga littattafai, irin su NNPC ta Zariya, da marubutan nan mata, a yi ciniki na halal, a zuba littattafansu a cikinki yadda za a karanta ba tare da data ba, kowa kuma ya ga rabonsa. Ya haɗa ki da ɗan faifan sola, domin rana ce kaɗai abin da ba a taɓa ɗauke mana ba. Ya yarda da biya kaɗan kaɗan, ko ya buɗe adashi, mu mun saba. Sannan ya dawo da tsofaffin nan gaba, ya kakkaɓe su. Ke ma ki koyi rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba sai an tona cikinki an roƙe ki ba.

Ɗiyata dai a ranar fotokwafi muka yi mata, na ƙara mata da littafin labari ɗaya daga ƙurya, mai kanti ya yi ta neman farashinsa har ya gaji ya ce in ba da abin da ya sawwaƙa. Ke kuma ta ce in gaishe ki, wai sai bayan kaka, in gero ya yi kyau kuma dala ta kwanta.

In za ki ba da amsa, ki sa yaron kanti ya rubuta a takarda, a ba direban motar Shargalle ya ajiye mini wajen mai shayin bakin tasha. Kada ki turo ta waya, tana wurin mai caji, kuma ya ce layi da tsawo.

Wassalam.

Naki,
Tsohon malamin firamare,
Dutsi.