Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Rimot Ɗin Motar Gidanmu

Zuwa ga Malam Rimot,
Aljihun Yaya Alhaji, Gulma, Ƙaramar Hukumar Argungu.

Da fatan batirinka na nan da sauran ƙarfi, zafin bazarar nan kuma bai narka maka roba ba. Na rubuto ne a madadin mutanen gida, don tun da aka ɗaura maka aure da motoci biyu babu wanda ya zaunar da kai ya faɗa maka gaskiya.

Ka san yadda abin ya faro. Rimot ɗin motar Hajiya ya faɗa laka a fadama ranar da yaro ya kai wa masu dashen shinkafa abinci, aka tsamo shi, aka shanya shi a rana, bai ƙara cewa uffan ba. Aka ce da Yaya ya sayi wani. Ya zaro ka daga aljihu, ya ce, "In sayi wani? Wannan da ke zaune yini guda ba aikin fari balle na baƙi fa?" Shi ke nan, aka kwashi motoci biyu sai wajen mai wayarin a Argungu.

Mutumin ya san aikinsa, wannan kam zan shaide shi. Ya kifa ka a tafin hannu, ya karanta lambar da ke bayanka, sannan ya tambaya, "Alhaji, duk 'yan Amurka ne, ko ɗaya Beljiyom ce?" Tambayar tana da dalili. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka suna sauraron rimot a zangon rediyo na megahaz 315, na Turai kuwa a 433. Ko da jirgi ɗaya ya sauke su a Kwatano, in zangon ya bambanta, ka yi ta kira har ƙiyama ɗayar ba za ta ji ba. Aka yi dace duka biyun daga Amurka suka fito, kamfani ɗaya, shekarun ƙirarsu kusa da juna.

Sai aka shiga ɗaurin auren. Tsofaffin motoci irin namu ba sa buƙatar kwamfuta. Mai wayarin ya buɗe ƙofar direba, ya zura makulli ya zare, ya sake zurawa ya zare, ya rufe ƙofa ya buɗe, ya rufe ya buɗe, leɓɓansa na motsi yana ƙirga, don in aka yi jinkiri sai an koma farko. Mai shayin da ke gefe ya ajiye gwangwanin madara ya ce, "Alhaji, motar ta haɗu da iska ne?" Can sai ya tsaya da makulli a hannu ya gargaɗe mu kada kowa ya yi magana: in ya murɗa sau ɗaya, mota za ta ƙara sunanka a kan waɗanda ta sani, in ya murɗa sau biyu, za ta goge kowa ta fara sabon lissafi. Ya murɗa sau ɗaya. Sakatun ƙofofi suka yi ƙaras, ƙaras. Aka danna ka, mota ta ƙifta fitila, aka shafa fatiha.

A nan na gane matsayinka, kuma kada ka ji haushi. Kai ba ka san sunan kowace mota ba. Mota ce ke riƙe da rajista, tana iya rubuta rimot har huɗu a irin waɗannan, kai kuwa ihu kawai kake yi, duk wadda ta gane muryarka ta amsa. Kakanka na farko, wanda ya fito tare da Renault Fuego a Faransa a 1982, ya fi ka kunya. Da haske marar ganuwa yake aiki, sai an nuna shi saitin mota kafin ta buɗe, saboda haka ya san da wa yake magana. Kai da ka samu rediyo sai ka daina kallon kowa.

Sakamakon haka muke gani a ƙofar gida. Da asuba Yaya zai danna ka don buɗe tasa, ta Hajiya ma ta buɗe. Ya ja mota ya tafi. Allah ya so ta Hajiya tana da halin sake kulle kanta in ba a taɓa ƙofa ba, amma yaran gidan sun riga sun gano lokacin. Kafin ta kulle sun faɗa ciki, ɗaya a sitiyari, biyu a baya suna karɓar kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi. Da daddare kuma a danna ka don ɗauko buhu daga but ɗin wannan, na waccan ya ɗaga ya kwana a buɗe, akuya na leƙe.

Sai maganar rabon kwana, wadda ita ce ta fi damun Hajiya. Don maganin ɓarayi, ba ka maimaita lamba ɗaya sau biyu. Kowace dannawa sabuwar lamba ce, kai kana ƙirga, mota tana ƙirga. Sanannen tsarin wannan aiki shi ne KeeLoq, wanda aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu, kamfanin Microchip na Amurka ya saye shi a 1995. A tsarin nan, in ka wuce mota da lamba goma sha shida ko ƙasa da haka, za ta yafe ta buɗe. In ka zarce, sai an danna ka sau biyu a jere kafin ta yarda kai ne. To, ƙirga ɗaya gare ka, mata biyu. Duk ranar da Yaya ya wuni a Birnin Kebbi, daga banki zuwa kasuwa zuwa gaisuwar mutuwa, yana danna ka ko'ina (shi mutum ne da ba ya yarda mota ta kulle sai ya ji ƙarar sau uku), lissafinka ya yi nisa, ta gida tana nan inda ka bar ta. Ku dawo da magariba, a danna ka, ta yi shiru. Sai an yi biko.

Ban da haka, kana cika baki da abin da ba ka iya ba. Ƙofa kawai kake buɗewa. Tayar da inji aikin wata 'yar ƙwaya ce da ke ɓoye cikin kan makulli, wadda motar ke tantancewa kafin ta saki wuta, tsarin da Jamus da Ingila suka wajabta wa sabbin motoci a 1998. Ita rajistarta daban, kuma ba a taɓa ta ba. Wato har yanzu makulli biyu ake riƙewa, kai ne dai guda. Ƙannenka na sabbin motoci, masu tayarwa da maɓalli, da yawansu ba sa ma yarda da wannan haɗin: da zarar an rubuta su a mota ɗaya sun kulle kansu gare ta, sai mai na'ura ya wanke musu ƙwaƙwalwa kafin su karɓi wata.

Babban laifinka kuwa shi ne aljihu ɗaya kake kwana. Ranar bikin kamun kifi Yaya ya yi sammako zuwa Matan Fada da kai a jikinsa, Hajiya kuma tana da suna a cikin gari. Ta buɗe motarta da makulli kamar yadda ake yi a da, motar ta ɗauka ɓarawo ne, ta ɓarke da kuwwa. Maƙwabta suka fito, har da mai riƙe da taɓarya. Hajiya na tsaye da leshi da gwaggwaro tana ba kowa haƙuri, kai kana can bakin ruwa kana kallon masu homa da gora.

Saboda haka ina sanar da kai, tun kafin ka ji a bakin wani, cewa Hajiya ta kwashi adashi, ta aika Sakkwato a sayo mata nata rimot. Yaya bai sani ba tukuna. Ta riga ta yi magana da mai wayarin, kuma ta jaddada masa cewa ranar da za a haɗa sabon, sau biyu take so a murɗa makullin.

Naka,
Ƙanin Alhaji, Gulma.