Daren da Na Guje wa Gurasa a Basalona

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa nawa ƙuƙumin har da kwaɗo. Na san coca ganye ne da ake nomawa a tsaunukan Peru da Bolibiya, inda manoma ke tauna shi don kashe yunwa da gajiya. Na san daga cikinsa wani Bajamushe, Albert Niemann, ya tace hodar iblis wajen 1860. Har ina burga a majalisa cewa masu yaren Kechuwa kuka suke ce masa, ina tsokanar Kanawa wai miyarsu ta ƙetare teku.

Da wannan ilimi na sauka Basalona neman kayan takalma. Ranar 23 ga Yuni, jajiberin bikin Sant Joan, gari ya kaure da ƙarar nokawut, sai tsohuwar da na kama ɗaki a gidanta ta ƙwanƙwasa ƙofa. Fuskarta a sake ta ce in hau soro, an kawo coca, wadda za ta ishi kowa har yara.

Har yara! Cikina ya ɗuri ruwa. Na hango hotona a jarida, an rataya mini allo a wuya, surukaina suna cewa dama sun faɗa. Na ce mata azumi nake yi, alhali rana ta daɗe da faɗuwa. Na kulle ƙofa, na tura fasfo cikin safa, na yi ta jan Hasbunallahu.

Wani ɗan Maroko da ke ɗakin kusa ne ya janyo ni da ƙyar. Me zan gani? Faffaɗar gurasa a kan tebur, an barbaɗa mata sukari, an jera 'ya'yan itace ja da kore. Ita ce coca a bakin Kataloniyawa, ba ta haɗa komai da ganyen Peru ba. A Monsawo ta Fotugal kuma coca dodo ne da ake fito da shi ranar biki. Coca ta kwalba ce kaɗai muke da gado a ciki: rabin sunan lemon da John Pemberton ya haɗa a Atlanta a 1886 na ganyen ne, ɗaya rabin na goronmu.

Kunya ta sa na zaƙe. Na tsallake mai sukarin, na kai hannu kan wata mai ƙamas-ƙamas da ta fi kama da abincin maza. Ɗan Marokon ya cafke mini wuyan hannu: "Alhaji, wannan da kakkiɗen alade aka yi ta." Coca de llardons suke kiranta. Wato dare guda ina gudun kurkuku, ashe alade ne ke jirana a faranti.

Don haka ɗan uwa, idan tafiya ta kai ka can aka miƙo maka coca, bar fasfonka a aljihu. Ka dai tambaya da wane mai aka gasa ta.