Gurnanin Sienna Ranar Kai Amarya

Duk mai Sienna a Barnawa ya san ba tasa ba ce shi kaɗai. Suna, biki, ta'aziyya, kai ne direban dangi, kuma ba mai yi maka zancen kuɗin fetur. Tawa 'yar Kwatano ce ƙirar 2006, cikin waɗanda sitiyarinsu ke aiki da famfo da mai, kafin Toyota ta koma na lantarki a ƙirar 2011.

Ranar da za a kai ƙanwar matata ɗakinta a Kakuri, mata suka cika motar maƙil, har da masu zama a cinyar juna. Gwaggon amarya, wadda Allah ya hore wa jiki, ta kame a gaba. Ina murza sitiyari zan fita daga layi, sai motar ta saki gurnani kamar raƙumin da ake wa labtu.

Gwaggo ta juyo a hankali. "Ɗan nan, da ni take?"

"Wane ita, Gwaggo!"

Kowace kwana sai motar ta maimaita gurnanin, sitiyarin kuma ya yi tauri har gumi ya jiƙa mini sabuwar shadda. A kusa da Barnawa Complex na tsaya na ɗaga bonet. Man da ke ɗan tulun sitiyari ya sauka ƙasa da layi, abin da ya rage duk kumfa.

Nan take masana suka taru. Wani mai Keke ya ce a ɗura man birki, ai mai duk mai ne. Wani ya rantse famfo ya mutu, sai dai kasuwar Panteka gobe. Gwaggo ta leƙo ta taga ta yanke hukunci: bakin mahassada ne.

Bakanikena ya iso bisa acaɓa da yaronsa. Da ya ji batun man birki sai ya riƙe baki. "Oga, da ka zuba, da ya lalata maka robobin ciki gaba ɗaya." Wannan motar jan man giya take sha, irin Dexron. Kumfar kuwa alamar iska ce: tiyon da ke kai mai daga tulu zuwa famfo ya tsage a baki, mai na yoyo, famfo na zuƙar iska, shi ne gurnanin. Ya gyara tiyon, ya cika mai, sannan ya ce sai an ɗaga gaban motar an yi ta murza sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe har iskar ta fita, kada kuma a danne shi a ƙurya.

Mata suka sauko. Gwaggo ta ce ita ba a taɓa sauke ta a titi ba, ba kuwa za a fara yau ba. Yaron ya dubi jak, ya dubi Gwaggo, ya yi salati ya fara. Ina murzawa, ita tana tofa addu'a a kan sitiyarin, wani tofin a hannuna yake sauka. Kumfa ta kwanta, motar ta yi tsit.

Sai bayan isha'i muka shiga Kakuri. Kafin a zaunar da amarya, Gwaggo ta riga ta ba dangin ango labarin yadda ta karya asirin. Washegari da sassafe wani kawun ango ya yi mini sallama da tsohuwar Golf ɗinsa, wai giya ba ta shiga, ko Gwaggo tana nan.