Mikiyar Jamus a Buhun Gero

A Zangon Sokode, Injiniya ake ce mini. Kayan babur nake sayarwa a bakin babbar hanyar da ta taso daga Lome ta nufi Burkina, amma wata Juma'a na taɓa gyara lasifikar masallaci da mari ɗaya. Tun daga ranar sunan ya bi ni, ni kuwa ban kore shi ba.

Da masara ta fara goyo, birai suka sa gonar Kawu a gaba. Gonar tana yamma da gari, wajen gandun dajin Fazao-Malfakassa, wanda gwamnati ta killace tun 1975. Biran nan sun fi ma'aikatan gandun sanin iyaka: su ƙetaro da asuba su yi ɓarna, hantsi na duban ludayi su koma inda doka ta hana a taɓa su. Kawu ba kisa yake nema ba, ƙara kawai yake so. Ya zaro bindigar tokar kakanmu daga rufin ɗaki, sai ga shi gara ta yi walima da ƙotar, tsatsa kuma ta cinye uwar bindigar, wato ƙarfen tsakiya inda kunama take zaune. Ya ce zai kai wa maƙeri ya duba.

Na ce, "Haba Kawu, wane maƙeri kuma, ina raye?"

Ilimina na bindiga a waya na same shi, bayan sallar isha. Wasu Amurkawa ne masu gemu har ƙirji, suna zaune a garejinsu suna jera uwayen bindiga masu araha, suna yabon wannan suna kushe wancan. A wurinsu na ji cewa dokar ƙasarsu ta 1968 wannan ƙarfen ta ɗauka a matsayin bindigar kanta, shi ne ma ke ɗauke da lamba. Na kuma ji labarin gidan gwajin bindiga na Birmingham a Ingila, wanda aka kafa a 1813, inda ake jarraba bututu kafin a buga masa hatimi a bar shi ya shiga kasuwa. Ingilishina bai taka kara ya karya ba, Faransanci muka yi a makaranta, saboda haka rabin bayanin ta saman kaina ya bi. Abin da na haddace sarai shi ne yadda suke ɗaga ƙarfe sama, su kanne ido ɗaya, su girgiza kai a hankali. Wannan kam na iya shi fiye da su.

Taubashina, yaron mota ne a layin arewa, shi ya ce mini akwai wani tsoho mai kayan bola a kasuwar Dapaong da ke da uwar bindiga tun ta zamanin Jamus, kuma kuɗinta bai kai na zabi biyu ba. Duk mai hankali ya san matsayin maganar taubashi. Amma zancen ya zauna mini, don tarihi bai ƙaryata shi ba. Jamusawa sun kafa bariki a Sokode a 1898, ba su bar Togo ba sai da yaƙin 1914 ya kore su. Kafin su ma, fataken Kano da Katsina ta nan suke bi zuwa Gwanja, su kai kanwa su ɗauko goro, kuma ayari ba ya tafiya hannu rabbana. Yarjejeniyar Birasal ta 1890 ta toshe wa baƙar fata bindigogin zamani ta bar musu na ƙanƙara, sai ƙasar ta cika da masu arahar da Turawa ke ƙerawa musamman don mu, waɗanda wani lokaci sun fi cutar mai harbi bisa ga abin da aka harba. Akwai wani tsohon maharbi abokin Kawu da hannunsa na dama yatsu uku suka rage. Da ya ji zan yi tafiyar, shawara ɗaya ya ba ni: "Yaro, kafin ka duba bindiga, fara ƙirga yatsun mai sayarwa."

Tafiyar ta kusa kilomita 300. Muka ratsa tsagar dutsen Alejo, muka wuce Bafilo, Kara, Kante, muka haye kogin Oti a Mango. Shingayen sojoji sai ƙaruwa suke yi, ni kuwa ina ta gaishe su da fara'a, don buhuna babu komai. Na san an kai hari Kpekpakandi a watan Mayun 2022 an kashe sojoji 8, na san tun watan Yunin shekarar yankin Savanes, inda Dapaong take, yake ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. A rediyo na ji, kamar kowa. Kawai dai ƙwaƙwalwar Injiniya ba ta haɗa wannan labari da abin da za ta je saye ba.

Na sami tsohon a bayan 'yan tumatir, tsakanin matattun fitilu da sarƙoƙin keke. Mutumin Moba ne, yana jin Hausar kasuwa. Na ƙirga yatsunsa: goma cif. Na ce alhamdulillahi, alama ta farko ta yi kyau. Na tona tarin ƙarafan da kaina har na ci karo da abin da taubashi ya kwatanta, wani baƙin ƙarfe mai nauyi, da ɗan hannu a gefe wanda in ka taɓa shi yake motsi. Na ɗaga shi sama, na kanne ido. Na ƙwanƙwasa shi da makullin babur na kara a kunne. Na shinshina. Har lasa na yi, ko da yake wannan ba a bidiyo na gani ba, ƙari ne daga wajena. Yara suka fara taruwa. Sai na tofa yawu na goge wani lungu da bakin riga, ga hatimi ya bayyana: fukafukai biyu a buɗe.

"Mikiyar Jamus!" Da ƙarfi na faɗa, don yaran su amfana.

Kafin wannan ihu tsohon jaka biyu ya ce. Bayansa ya tuna ashe jaka goma sha biyar ne. Na yi ta ja da shi har ya sallama a goma sha biyu, na tafi ina tausaya masa. In za a bi gaskiya, bakinsa bai taɓa furta kalmar bindiga ba. Abin da ya yi ta maimaitawa shi ne, "Alhaji, ni ƙarfe nake sayarwa."

Na sayi gero na cusa ta a tsakiya. Sai da motar ta bar gari hankalina ya dawo daga yawo. Na tuna riƙe bindiga a Togo sai da takardar izini. Na tuna yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai, wadda ta shafi har na ƙirar gida. Na tuna ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da bazuwar makamai a duk Afirka a Lome yake zaune tun 1986, ƙasa guda da ni da buhuna. Gumi ya jiƙa ni har wando. Matar da ke kusa da ni, mai kwandon zabi, ta tambaye ni ko zazzaɓi ne.

A wani shinge kafin Mango aka ce kowa ya sauko ya tsaya kusa da kayansa. Sojan bai ma kai ga buhuna ba na ɗaga hannu biyu.

"Shef, uwar bindiga ce. Ta Jamus. Ta birai ce."

Wurin ya yi tsit. Fasinjoji suka dare, mai zabi har da salati. Aka zazzage geron a kan kwalta. Wani matashin soja ya ɗauki abin da hattara, ya juya shi, ya sake juyawa, ya kira ɗan'uwansa. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Ya ce mahaifiyarsa tela ce a Kara, a gindin irin wannan ƙarfen ya yi rarrafe. Guntun ƙafar keken ɗinki ne. Mikiyar kuwa malam-buɗe-littafi ce.

A nan ne ya kamata in gode wa Allah in kwashe gerona. Maimakon haka na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, a dai sake dubawa. Ka ji ƙarar da take yi?" Ni da kaina na tsaya a gaban sojoji masu ɗauke da bindigogin gaske ina kafa hujja cewa na cancanci a kama ni. Babbansu ya matso, mutum mai sanyin murya. Ya ce in bindiga ce, yau ba a gida zan kwana ba, kuma ba gobe zan fito ba. In keke ne, ga mota can tana jira. Wanne na zaɓa?

"Keke ne, ranka ya daɗe. Tun a kasuwa na so in gane."

Daga nan har Sokode direba bai kira ni da wani suna ba sai Tela.

Labarin ya riga ni isa, don taubashi yana da abokai a kowace tasha. Duk da haka na lallaɓa wurin maƙerin unguwarmu da magariba, ko za a dace. Ya auna abin a tafin hannu, ko ido bai kanne ba. Ya ce ƙarfen zubi ne, guduma ɗaya zai tarwatse, ko fartanya ba za a fitar ba. Mutanen Banjeli na ƙasar Bassar, da suka shekara ɗaruruwa suna narka tama, ko a matsayin kashin ƙarfe ba za su ajiye shi ba. Bindigar kakanmu kuwa leƙa bututun kawai ya yi ya mayar wa Kawu, ya ce a rataye ta a bango, duk wanda ya ɗura mata albarushi ya fara sallama da yatsunsa. Shi ma ya ce aikin bindiga ba ya cikin abin da yake karɓa, garma da lauje sun ishe shi.

Da watan Gani ya kama aka yi bikin Adossa, mazan unguwar Didawure suka fito suna goga wuƙaƙe a ciki da wuya ba ko ƙwarzane, mahaya suna sukuwa. Taubashi ya ja ni gaban jama'a yana shela cewa ga wanda ya fi su tauri, ƙarfe ya ci masa jaka goma sha biyu bai yi ko jini ba.

Birai dai Kawu ya magance su da yara biyu, gwangwanayen tumatir da wani kare mai ido ɗaya. Bai taɓa tada mini zancen ba, dattijo ne mai kawaici. Sai dai ana saura kwana kaɗan Sallah ya aiko yaro shagona da babbar rigarsa a leda, aljihunta ya yage, wai a ba Injiniya, in da hali yana so kafin Juma'a.