Alƙalan Gwaiba na Tudun Wada

A Tudun Wadan Zariya, gidan da ke da bishiyar gwaiba a tsakar gida ba ya rabuwa da shari'a daga ƙarshen damina har sanyin hunturu ya shigo. Ƙarar ɗaya ce kullum: ta nuna ko ba ta nuna ba? Alƙalan kuwa sun fi 'ya'yan bishiyar yawa, kuma daga Agoro har bakin kogin Kubanni ba a taɓa jin wanda ya yarda hukuncinsa ya karkace ba.

Ita bishiyar baƙuwa ce. Asalinta yankin Meziko da Amurka ta Tsakiya, jiragen ruwan Turawan Fotugal da na Sifen ne suka yaɗa ta a duniya. Ta dace da unguwa, don Tudun Wada ma baƙi aka keɓe wa ita a zamanin Turawan mulki, tsakanin ganuwar birni da Sabon Gari. Daga fure zuwa ƙosawa gwaiba takan ɗauki wata huɗu zuwa biyar, amma daga nuna zuwa ruɓewa 'yan kwanaki ne kawai. A kan waɗannan 'yan kwanakin ake duk rigimar.

Wanda ke fara shiga fili shi ne mai latsawa. Shi bai yarda da ido ba, bai yarda da hanci ba, babban yatsansa ne mudunsa. Da safe kafin ya fita nema sai ya zaga bishiyar, ya latsa wannan, ya danna waccan, ya girgiza kai ya ce da saura. Gobe ya dawo ya latsa daidai inda ya latsa jiya. Jibi ya ji wurin ya yi laushi, sai ya yi shela cewa ta nuna. Ba nuna ta yi ba, rauni ya ji mata. In an gutsura za a ga gefen da ya sha yatsa ya yi duhu ya yi lagwab, sauran kuwa ɗanya ce shar. A kasuwar Tudun Wada 'yan talla sun san shi tun daga nesa. Yana tsugunawa gaban tire yarinya za ta ja kayanta baya, ta ce, "Baba, in ba saye za ka yi ba, don Allah ka bar mini su haka." Ya ce, "Ke, dubawa fa nake yi." Ya luguiguita kashi uku, ya taya rabin kuɗi, ya ce ai duk sun yi laushi. Alhali latsawa ɗaya a hankali ta wadatar: nunanniyar gwaiba takan ɗan saki a ƙarƙashin yatsa ba tare da ta loba ba.

Sai mai ido. Wannan da ya hango rawaya a cikin ganye magana ta ƙare, sai neman gora. Shi ne ya fi kowa shan kunya, domin kallon kitse yake yi wa rogo. Gwaibar da ta riga 'yan'uwanta yin ɗorawa tana ƙanƙanuwa, ko dai nunan rana ce, ko kuwa tana da baƙi a ciki. Tsutsa a gwaiba ba sabon abu ba ne, muna da ƙudajen 'ya'yan itace namu na gida tun da can. Amma akwai wani da ya zo daga Asiya, wanda masana ke kira Bactrocera dorsalis. An fara ganinsa a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru ya iso Afirka ta Yamma, ya addabi masu mangwaro da gwaiba. Macen takan huda ɓawo ta saka ƙwai a ƙarƙashinsa, ta bar ɗan tabo wanda sai mai lura zai gani. Ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu, tsutsotsi su yi ta ci daga ciki, gwaibar ta yi rawaya da wuri ta faɗo. Daga nan su shige ƙasa, su fito da fukafukai, su koma kan bishiyar. Gidan da ake barin faɗaɗɗun gwaiba suna ruɓewa a gindi, kiwon ƙuda ake yi ba a sani ba. A tsince su a binne da zurfi, ko a ƙulle su a baƙar leda a bar su a rana.

Ranar da aka gutsura aka ga abu na motsi, a nan ake sanin halin kowa. Akwai mai ihu, wadda za ta yi jifa da gwaibar ta yi ta tofar da yawu har la'asar, ta rantse ita da gwaiba har abada, kuma har abadan nata ba ya wuce kwana biyu. Akwai mai tiyata, wanda zai ɗauko wuƙa ya zauna ya yi ta gyara, ya cire nan ya yanke can, ƙarshe ya tashi da loma ɗaya. Sannan akwai mai falsafa. Shi cewa yake yi, "Tsutsar da aka haifa a cikin gwaiba, ta girma a cikin gwaiba, me ta taɓa ci in ba gwaiba ba?" Wannan bawan Allah ya fi son cin tasa bayan isha'i, musamman in an ɗauke wuta.

Yara kuwa rundunarsu daban ce. A wurinsu gwaiba ta nuna tun ranar da furenta ya kaɗe. Ba ruwansu da bauri, wanda ke kama harshe ya sa baki ya bushe; in ya yi yawa a dangwala gishiri da yaji. Suna da hanyar gwaji da ba ta ƙarya, wato haƙori. Yaro ya hau reshe, ya ciji gwaiba tana maƙale a jikin uwarta, in ya ji ba ta yi ba ya bar ta a nan ya matsa gaba. Maigida ya fito ya ga tambarin haƙora a jikin ɗanyar gwaiba.

"Kai, wa ya ciji wannan?"

"Jemage ne, Baba."

Maigida ya duba da kyau, ya ga wannan jemagen yana da giɓi a gaba, daidai inda na auta ya faɗi makon jiya.

Hukuncin yara ba ya jiran bulala. Ɗanyar gwaiba da tarin ƙwayoyinta masu tauri kan ɗaure ciki, sai ka ga yaro ya ɗauki buta ya shiga bayi, an yi sallar azahar bai fito ba. Uwa na daga waje tana faɗa: "Ci gaba, sai sun taru a afendis an kai ka Shika an tsaga cikin nan." Da can ba sai an yi nisa da barazanar ba, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan cikin Tudun Wada kafin a koma Shika a 2005. Likitoci dai sun ce da wuya ƙwarai ƙwayar 'ya'yan itace ta zama sanadin ciwon afendis, amma ban ga laifin uwar da ta ƙi isar da wannan labari ga ɗanta ba.

Kada a haɗa yara da manya masu son garas-garas. Waɗannan suna da hujja. Gwaibar da ta ƙosa, korenta ya washe ya fara haske, fatarta ta yi sumul tana sheƙi, kuma da an ɗan murɗa ta sai ta rabu da reshe ba gardama, wannan ta isa ci ko da ba ta yi laushi ba. Baurin ya tafi, zaƙi ya shigo, ga ɗan tsami-tsami. Ni dai a nan ƙuri'ata take, kuma na san masu jiran ta yi tiɓis za su ce ban san daɗi ba.

Shugabar masu jiran tiɓis ita ce kaka. Ba ta hawa, ba ta jifa, idon ma ya yi rauni. Tana zaune a kan tabarma tana jan carbi sai ta ɗaga kai ta ce, "Ku duba reshen nan na wajen rijiya, akwai wadda ta yi." A duba, a samu. A duk alƙalan gidan ita kaɗai ce ba ta kuskure, domin ƙamshi shi ne shaidar da gwaiba ba ta bayarwa sai ta nuna da gaske. Matsalar kaka ɗaya ce: abin da ta gano da hancinta, ƙafafun wani ne ke zuwa ɗaukowa. Jikan da aka aika ya dawo yana taunawa, ya ce, "Kaka, tsuntsu ya riga mu."

Akwai kuma mai ɓoyo, wanda ya yanke ƙauna daga adalcin gidan. Da ya ga gwaiba ta ƙosa sai ya tsinke ta da asuba, ya tura cikin buhun masara ko ƙasan adaka, wani lokaci ya haɗa ta da ayaba. Dabararsa tana da tushe. Gwaiba na cikin 'ya'yan itacen da ke ci gaba da nuna bayan an cire su, suna fitar da wata iska mai suna etilin da ke gaggauta nunar, kuma ayaba na fitar da ita da yawa. Wannan ba ɗaya ba ne da aikin 'yan kasuwar da ke nunar da ayaba da mangwaro da sinadarin kabaid na masu walda, abin da hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai. Inda mai ɓoyo ya yi kuskuren lissafi shi ne, ana iya ɓoye kuɗi, ana iya ɓoye goro, amma nunanniyar gwaiba ita ke tona kanta. Ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka. In kuwa ya manta da ita, bayan mako guda matarsa za ta buɗe adaka neman zanen biki.

Ɗan boko ya cancanci a dakata a kansa. Galibi tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ko kuwa wanda ya taɓa zama kusa da wanda ya yi aiki a can. Ba ya miƙa maka gwaiba sai da lacca. Zai gaya maka cewa giram 100 na gwaiba na ɗauke da bitamin C sama da miligiram 200, wajen ninki huɗu na abin da ke cikin lemon zaƙi, kuma gaskiya ya faɗa. Zai ce a wurin aiki ba da baki ake auna zaƙi ba, akwai na'urar da ake ɗiga wa ruwan 'ya'yan itace ta faɗi yawan sukarin. Shi ne kuma mai naɗe kowace gwaiba da takarda tun tana ƙarama, ya ɗaure bakin da zare don kada ƙuda ya samu wurin huda. Wannan ma daidai ne, haka manoman Asiya ke yi, kuma gwaibar kan fito da fata tas. Abin da littafi bai gaya masa ba shi ne, ya sauƙaƙa wa yaran unguwa aiki: duk wadda aka naɗe, ita ce zaɓaɓɓiya. Masu wayon cikinsu sukan zare gwaibar, su hura takardar, su mayar da zaren yadda yake. Malam ya yi ta zagaya takarda yana ƙirga kwanaki a kalanda.

Tsoho mai "ta da" ba ya cin ta yanzu sai yana ƙorafi. "Yaro, ba ka ci gwaiba ba. Lokacin da kamfanin Gaskiya ke tashe, guda ɗaya in aka shigo da ita zaure, har cikin gida an san ta iso." Kamfanin ɗab'in dai a 1945 aka kafa shi, kuma duk shekara gwaibar wancan zamani ƙara girma take yi a bakin tsohon. Amma ba duka ne zuƙi ba. Gwaibar da aka shuka daga ƙwaya ba lalle ta gado uwarta ba, shi ya sa mutum zai roƙi iri daga gidan da tasu ke da zaƙi, ya yi shekara uku ko huɗu yana ban ruwa, ta tashi ta ba shi tsami da ƙwaya zalla. Mai son tabbas sai ya nemi dashe mai aure. Lokaci ma yana da tasiri. Wadda ta nuna a tsakiyar ruwan Agusta takan yi lami, ta lokacin kaka ta fi ta zaƙi. A Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa noman gwaiba, manoma da yawa da gangan suke kaɗe furen da zai ba da 'ya'yan damina, don bishiya ta tara ƙarfi ta yi na lokacin sanyi.

Rikicin 'yan ja da 'yan fara ba zan shiga ba. Masu jan ciki sun ce tasu ta fi ƙamshi, masu farin ciki sun ce tasu ta fi zaƙi, kuma ban taɓa ganin ɗayansu ya mayar da kyautar ɗaya ɓangaren ba.

Maƙwabci yana da ma'auni mafi sauƙi a duniya: duk gwaibar da ta tsallako katanga ta nuna. In maganar ta yi tsami sai a kai wa malamin unguwa. "Allah gafarta Malam, reshen da ya leƙa gidan wani, 'ya'yansa na wa ne?" Malam ya gyara zama, ya ce 'ya'ya na mai bishiya ne, shi maƙwabci abin da yake da shi shi ne ya nemi a janye reshen ko a sare. Nan take maƙwabci ya ce a'a, ba ta kai ga sara ba, ai ana zaman lafiya. Malam ya ƙara da cewa a fiƙihu ma ba a sayar da 'ya'yan itace a kan bishiya sai alamar nunarsu ta bayyana, saboda haka sanin nuna ba wasa ba ne. Sannan ya ce a kawo guda uku ya duba.

Saura maigida, wanda ya haƙa rami ya dasa, ya yi mata shinge saboda awaki, ya yi ta jan guga a watan Maris da Afrilu. Yana da guda ɗaya da ya ɗora wa ido a can ƙololuwa, inda reshe ya yi siriri yaro ba ya kaiwa. Bai gaya wa kowa ba. A ransa ya sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Daren Alhamis jemage na gaske, wanda shi ma da hanci yake aiki kuma ba ya aiken jika, ya zo ya cinye rabi, ya yar da sauran a bakin rijiya. Maigida ya gani da safe, bai ce uffan ba. Da yamma ya biya kasuwa ya sayi kashi guda, ya zuba a aljihun babbar riga, ya zauna a zaure yana ci a ɓoye. Auta ya zo wucewa, ya tsaya, ya ɗaga hanci.

"Baba, ina jin ƙamshin gwaiba."

"Turare ne. Wuce ka tafi Islamiyya."